Eriyar da Aka Gusar da Mita Uku

An yi wani mutum, malamin jami'a, da aka kira gaban kwamitin bincike saura kwana biyu a ba shi farfesa. Ya shiga ba sallama, ya ja kujera tun ba a ce ya zauna ba.

Ya 'yan uwa, an aiko mini cewa in bar labarin nan, wai zai ɓata wa masu ilimi rai. To, ya ɓata! Sai na faɗa.

Fannin mutumin auna wuri ne da tauraron ɗan Adam, ilimin da ke sa wayarka ta gaya maka inda kake tsaye. A wurinsu, darajar malami tana ga yawan masu ambaton aikinsa a rubuce-rubucensu, da yawan waɗanda ya yi aiki da su. Kwamfuta ke ƙirgawa ta fitar da lamba. Wannan lamba ya mayar alƙibla. Da safe sai ya duba ta kafin ya amsa gaisuwar matarsa, har abokan aiki suka laƙaba masa Mai Lamba.

Sai ya haɗa baki da malamai biyar na wasu ƙasashe. Ka ambace ni, in ambace ka. Ka sa sunana, in sa naka, ko ban karanta ba.

Shugabar kwamiti ta haska zane a bango, ɗigo shida da layuka sun ɗaure su.

"Dakta, wannan zoben fa? Ku shida kuna ta zagaya juna."

"Hassada ce, ranki ya daɗe. A haɗa lambobinku duka, ba su kai rabin tawa ba."

"Mun ji. Yaushe rabonka da hawa rufin sashenku?"



A kan rufin akwai eriya mai karɓar saƙon taurari. Duk lissafinsa ya dogara ne a kan cewa ba ta taɓa motsi ba, ko da faɗin yatsa. Amma shekara huɗu da suka wuce, masu kafa tankin ruwa sun kwance ta, suka gusar da ita mita uku, suka sake ɗaurewa. Dattijon da ke kula da na'urori ya gani, ya sauko yana haki ya gaya masa.

Kun san me ya ce? "Baba, masu duba maƙala ba sa hawa rufi. Kai ma ka bar gwiwarka ta huta."

Ya sani sarai. In ya gyara, maƙala tara za a janye, lamba ta zube. Ya zaɓi lamba.

Aka shigo da dattijon ya maimaita komai. Mai Lamba ya daki tebur.

"Yanzu mai goge ƙura za ku saurara ku bar ni?"

"Shi ya hau rufin," in ji shugabar.

Aka janye maƙalun nan tara. Abokan nan biyar suka rubuto da gaggawa, kowa na cewa bai taɓa ganin fuskarsa ba. Kuma gaskiya suka faɗa! Aka karɓe makullin ofis, ya fita da kwali a hannu yana ihun zai kai kowa kotu.

Ya 'yan uwa, wa ya cuta? Kwamfuta? Wanda aka ba amanar awo ya tauye, ko mudu ne ko tauraro, hukuncinsa ɗaya. Kar wani ya ce mini wannan zunubin manyan 'yan boko ne. Kai da kake sa hannu a aikin da ba ka duba ba, da kai nake.

Kuma bai gama gani ba. Bayan mako guda yana zaune a ƙofar gida yana rubuta ƙara, wata mota ta tsaya. Wani mutum da bai sani ba ya fito, takalmansa duk laka, ya dire guntun turken siminti na iyakar fili a gabansa.

"Kai ne mai eriyar nan? Ni safiyo ne. Da awonka na yanka filaye tamanin, an gina rabinsu. Jiya aka rushe katangar farko. Tashi, masu gidajen suna bayana."

Allah ya tsare mu da sunan da ya fi aikinmu nauyi. Allah ya kiyaye mu.