Misalin Ƙofofi Uku da Tukunyar Fenti Ɗaya

Akwai wani maigida da yake da gida a tsakiyar gari, inda jama'a suke kai saƙo. Gidan yana da ƙofofi uku: ja ta masu neman agaji, koriya ta masu biki, baƙa kuwa ta masu cigiyar dabba. Bayan kowace ƙofa akwai bara a zaune. Ba ya tambayar kome. Sunan gida kawai yake ji, sai ya fita ya kira mutanen da ƙofarsa ta shafa.

Ana nan sai wani mai fenti ya zo ya ce, "Ranka ya daɗe, kowace ƙofa da tukunyarta, kowace shekara kana shan wahala uku. Bari in haɗa maka tukunya ɗaya. Ranar da ka so canji, ita kaɗai za ka taɓa, gida duka ya bi."

Maigida ya ce, "To, mutane fa, yaya za su gane?"

Ya ce, "Zan rubuta suna a saman kowace ƙofa, da ƙananan baƙaƙe irin na birni."

Aka shafe ƙofofin duka da ruwan toka. Gida ya yi kyau ƙwarai, masu wucewa suna ta yabo.

Ba a daɗe ba maciji ya sari wani manomi. Ya ce wa matarsa, "Yi gudu ki ƙwanƙwasa jar ƙofa, a turo maza su kai ni wurin mai magani." Matar ba ta taɓa zuwa gidan ba, ba ta kuma iya karatu ba. Ta duba nan, ta duba can, ba ja. Ta ƙwanƙwasa ta kusa da ita, ta faɗi sunan gidansu, ta koma da gudu.

Sai ga mata da kwanukan shinkafa suna guɗa, makaɗi yana biye. Babbarsu ta ce, "Ƙawata, ina amaryar? Shi ne kika ɓoye mana?"

"Wace amarya? Mijina ne kwance!"

"Kwance, ranar biki? To, wa zai karɓi baƙi?"

Ta sake rugawa ta ƙwanƙwasa wata ƙofar. Sai ga maza da igiyoyi suna tambaya, "Inna, akuya ce ko tunkiya? Tana da ƙaho?" Makaɗi bai daina ba, don ba wanda ya ce masa ya daina. Kafin a fahimci juna a ɗauki mutumin, dafi ya hau, ƙafarsa kuwa ba ta ƙara takawa ba.

Matar ta je wurin maigida. Ya nuna mata saman ƙofa ya ce, "Ai ga shi an rubuta."

Ta ce, "Baba, wa ka rubuta wa?"

'Yan'uwa cikin ikilisiya, ma'anar wannan misali ita ce: gidan nan shafukanmu ne na intanet, inda muke aika imel zuwa rukunonin ikilisiya. Akwai rukunin addu'a da ziyara, akwai na mawaƙa, akwai na sanarwa. Dā kowane shafi da launinsa, maɓallin aikawa kuma ƙato ne. Tukunyar fenti kuwa ita ce abin da 'yan kwamitin da ke kula da shafukan suke kira takardar salo, wato takarda guda da take faɗa wa dukan shafuka irin launi da girman rubutun da za su ɗauka. Dabara ce mai kyau, ban ƙi ta ba. Amma abin da yake mulkin shafuka duka, kuskurensa ma yakan shiga shafuka duka.

Kun san abin da ya sami Mama Tabita. An kwantar da mijinta, Baba Habila, a asibiti, ana neman jini. Ta buɗe wayarta ta tarar 'yan kwamiti sun canza takardar salon, shafuka duka sun zama iri ɗaya, rubutu kamar ƙwan kwarkwata. Roƙonta ya faɗa rukunin mawaƙa. Amsar da ta samu ita ce a zo da farar riga ranar Asabar. Da na yi magana, aka ce mini tsofaffi su koyi zamani. Wannan ba amsa ba ce, rashin ladabi ne.

Yara, duk abin da za ku gyara a gidan Ubangiji, ku fara tambaya ko mafi rauni a cikinmu zai gane hanya. Ku kuma 'yan kwamiti, ku mayar wa kowane rukuni launinsa, ku ƙara girman rubutu, kada kuma ku sake taɓa takardar nan sai kun sa waya a hannun wata tsohuwa kun ga ta aika saƙo da kanta.

Baba Habila yana asibiti har yanzu, ba kuwa ɗayanku da ya je ya ce wa matarsa ta yi haƙuri. Motar ikilisiya tana bakin ƙofa. Da an yi addu'ar rufewa, ku 'yan kwamiti ne za ku fara shiga, mu tafi asibitin.