Kububuwa da Yaron da Ba Ya Kuka

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku nutsu, wannan ba ta dariya ba ce. An yi wani yaro Sallau da ƙanwarsa Kuluwa. Uwarsu ta rasu suna ƙanana, kawunsu Bagudu ya ɗauke su.

Ranar rasuwar uwar, Kuluwa ta yi ta birgima tana kuka. Mata suka goya ta, suka ba ta fura. Sallau ya buɗe baki shi ma, Kawu ya daka masa tsawa: "Kul! Namiji ba ya kuka." Ya haɗiye.

Aka yanka akuyar uwarsu. Kuluwa ta yi kuka, aka lallashe ta. Sallau? "Kul! Namiji ba ya kuka." Ya haɗiye, ya je ya fasa tulu, aka ce ƙiriniya ce, aka zane shi.

Ashe Kububuwa na kwance ƙarƙashin rumbu, duk a kunnenta.

Rannan a gona ta sari Kuluwa. Yarinya ta kurma ihu, "Wayyo ni, Kawu!" Mutane suka sheƙo, aka ɗaure ƙafar, aka ɗura mata magani, ta tashi. Kububuwa ta sha sanda, da ƙyar ta kai rami. Ta ce, "Na tuba da mai baki. Gobe sai mai haɗiya."

Washegari ta lallaɓo ta sari Sallau a dunduniya. Ya buɗe baki. Muguwar ta ɗago kai ta ce, "Kul! Namiji ba ya kuka." Ta sulale abinta.

Jama'a, Kawu fa na nan, kunya uku tsakaninsu, yana noma! Yaron nan ya ciji leɓe, ya zauna gindin ƙirya. Ƙafa ta kumbura, bai ce uffan ba. Hanci ya soma jini, bai ce uffan ba.

Da la'asar Kawu ya same shi kwance. "Innalillahi! Sallau, me ya hana ka kira ni?"

Yaro ya buɗe ido da ƙyar. "Kawu, ko ɗigo ban zubar ba. Na yi daidai?"

Bai jira amsa ba, rai ya yi halinsa.

Wallahi har yau abin na ci mini rai. Ku maza, in ya yi zafi ku faɗa, hawaye bai taɓa rage wa kowa gemu ba.

Ƙurunƙus kan kububuwa, Allah Ya haɗa ta da mai sanda.