Igiyar Zauren Ƙarshe

Ku matso dukanku, har da kai mai furfura a gemu, tunda ni na haife ka. Labari zan ba ku, kuma ba na son a katse ni.

A zamanin da, an yi wani sarki da shari'a ta ishe shi, don rigimar gona ɗaya sai kaka ya fara ta, jika ya gaje ta. Sai ya kafa doka: wanda bai gamsu da alƙalin ƙauye ba ya je wa na birni, in nan ma bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa Zauren Ƙarshe. A can in an rubuta hukunci sai a karya alƙalamin a gaban jama'a. Magana ta mutu ke nan, ko sarki ba ya tayar da ita.

Mai riƙe da zauren shi ne Alƙali Zailani, mutum ne da ba ya ganin abu ya wuce bai tambayi dalilinsa ba.

Wata damina aka kawo masa masu lambu biyu, Cindo da Jatau, suna jayayya a kan rijiyar da ke tsakaninsu. Tsohuwar takardar kakanninsu ta ce filin Jatau igiya goma sha biyu ne daga gindin tsamiya. Aka ɗauko igiyar zaure, wadda aka tufka da fatar shanu, aka auna ana yayyafi. Rijiya ta faɗa wa Jatau, aka karya alƙalami.

Da rani ya tsananta, Zailani ya lura igiyar nan da ake ratayawa tsakanin turaku biyu ta ƙi kaiwa, alhali da damina har lilo take yi. Abin ya ɗaure masa kai. Ya auna ta da kamu, ya jiƙa ta, ya sake aunawa, sai ga ta ta ƙara tsawo. Ga shi kuwa kowa ya san kakanni da bazara suke raba fili, kafin ruwa ya sauka. Ya bar ta ta bushe, ya tafi lambun ya ja ta sau goma sha biyu. Ta ƙare saura taki uku a kai bakin rijiya. Can gefe ga Cindo yana dawowa daga rafi da tulu, albasarsa duk ta kwanta.

Zailani ya zarce fada ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ba ka nasara, na ba mutum rijiyar da ba tasa ba. Ina neman izinin komawa kan hukuncina."

Waziri Barmo ya yi murmushi. "Allah gafarta malam, ina za mu kai ƙararka? Sama da zaurenka sai Allah. In ka buɗe ƙofar nan yau, gobe duk wanda aka taɓa kayarwa zai zo da sabuwar hujja, har wanda akuyarsa ta mutu bara."

"Ba ra'ayi na sauya ba, ranka ya daɗe. Ma'aunina ne ya yi mini ƙarya."

"Kowane alƙali haka zai ce ran da ya sha fura a gidan wanda ya faɗi. Da me za mu gane mai gaskiya?"

Sarki ya gyara zama, don tambayar ta yi masa daɗi. "To, malam, kawo mini ƙofar da Cindo zai shige, amma gari ba zai biyo shi ba."

Zailani ya sa hannu ya fara warware rawaninsa. "A sa wannan ya zama kuɗin ƙofa. Alƙalin da ya ce a koma kan hukuncinsa ya nuna kuskuren a idon jama'a, sannan ya sauka. Ba mai yin haka don fura."

Waziri ya bar murmushi. Aka sake awo da busasshiyar igiya, rijiya ta koma wa Cindo, aka naɗa sabon alƙali.

Sai Jatau ya zube gaban sarki. "Ni me na yi? Ku kuka karya alƙalami kuka ce tawa ce. Na yashe ta, na ɗaure bakinta da dutse, na dasa lemo arba'in."

Sarki ya ce ya ci gaba da jan ruwa har lemon ya kama ƙasa, shekara uku, daga nan ya haƙa tasa. Gari ya zauna lafiya, ba a sake buɗe ƙofar ba sai bayan sarakuna biyu.

Ni dai na ce Zailani ya yi daidai. Marigayi ubanku kuwa har ya koma ga Allah yana cewa an cuci Jatau, don in hukuncin ƙarshe ba ya zama ƙarshe, wa zai yi shuka a kansa? Shekara talatin ba mu daidaita ba. Ga ku nan kun yi karatun da ban yi ba, sai ku raba mana wannan gardama.