Mangwaro Biyu a Bayan Gidan Sanmati

Akwai wani ɗan ƙauyenmu a tsaunukan Koraput na ƙasar Indiya, Dambaru, da ya daɗe yana aikin masaƙa a birnin Surat. Da damina ya zo bikin sabuwar shinkafa da 'yarsa Tulasa, wadda aka haifa a birni.

Mahaifiyarsa Sanmati ta dama musu kunun tamba, ta ɗauko gidan sauro za ta ɗaura wa jikarta.

Dambaru ya yi dariya. "Haba Inna! Sauron garin nan ya cije ni har ya gaji. Ban san zazzaɓi ba, kuma jinina ne a jikinta."

"Ɗan nan, bakinka ya fi ka girma," in ji ta.

Bai ji ba. Sai ma ya kwashe gidan sauron ya tafi rafi kamun ƙananan kifi da shi. Ni kam abin ya ba ni haushi.

Ba a yi sati biyu ba Tulasa ta kwanta, jiki zafi rau, idanu fari fat. A kafaɗa Dambaru ya kai ta asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne.

Likita ta ce, "Wanda ya tashi cikin cizon sauro, jininsa kan koyi gane ƙwayar cutar, ya tare ta kafin ta shige jajayen ƙwayoyin jini. Amma ba a gadon wannan daga uba. Naka ma ya fara mantuwa a birni."

Da ƙyar aka samo kan yarinyar, sai da aka ƙara mata jini.

Ranar da suka dawo gida, Sanmati ta ja Dambaru bayan ɗaki, gindin mangwaro biyun da ya yi ta hawa yana yaro.

"Ka taɓa tambayata dalilin shuka su? Wannan don tunawa da yayanka namiji ne, wannan kuma yayarka. Zazzaɓi ya ɗauke su kafin su iya magana sosai. Kai ma sau uku ina cire rai da kai. Ƙarfin jinin da kake taƙama da shi, ku uku kuka shiga neman sa, kai kaɗai ka fito."

Da yamma aka ga Dambaru zaune a gindin bishiyoyin da allura, yana ɗinke gidan sauron da ya yaga a rafi.

Darasi: Tsirar da ka yi ba garkuwar ɗanka ba ce. Ku ɗaura wa yara gidan sauro, ku kai su gwaji da zarar jiki ya yi zafi. Ku tura wa duk mai shirin kai yara ƙauye.