Jan Hasken Bara'atu da Injin Kawu Jatau

Akwai wata matashiya mai suna Bara'atu, 'yar wani ƙauye a gefen Bungudu, wadda ta yi karatun kimiyya a Gusau. Shekara biyu ta kwashe tana haɗa wata na'ura da ba ta fi tocila girma ba. In ta harba siririn hasken leza a kan garin hatsi ko turɓaya, gilashinta sai ya nuna kore in lafiya, ja in akwai gubar dalma.

Mutanen ƙauye suka laƙaba mata Mai Tocila. Ita ko a jikinta.

Kawunta, Alhaji Jatau, shi ke da injin niƙa ɗaya tilo a garin. Da safe ya niƙa wa masu haƙar zinare dutse mai ɗauke da dalma, da rana ya niƙa wa mata gero. A tsakani sai ya zuba kwano guda na dusa a injin, wai ya wanke shi ke nan. Ku ji fa, dusa ce za ta wanke guba!

Ranar kasuwa Bara'atu ta ɗebi garin da ya fito, ta haska a gaban matan da ke layi. Gilashi ya yi ja wur. Da ta yi musu bayani, kowacce ta ɗauki ƙwaryarta ta kama gabanta.

Kafin la'asar an kira ta zauren mai unguwa.

"Shekara ashirin ina niƙa a garin ga," in ji Alhaji Jatau yana huci. "Wagga tocila taki ta san mi? Ɗiyar ƙanwata ce za ta tozarta ni?"

Mai unguwa ya ce, "Bara'atu, durƙusa ki ba kawunki haƙuri, magana ta wuce."

Ta durƙusa har ƙasa. "Baba, durƙuso kam na yi, don kawuna ne. Amma haƙuri ba ni badawa. Ban yi mashi ƙarya ba."

Zaure ya ɗauki salati. Abin da ke cin ranta ya fi ƙarfin tsoro. Salma, autar Alhaji mai shekara uku, wata biyu ke nan tana suma tana sanƙarewa, ana ta yi mata hayaƙi wai iska ce.

"Kawu, da wane gari ake dama ma Salma kunu?"

"Da na injina mana! In da guba, zan ba ɗiyata?"

"To a ɗebo shi. A ɗebo kuma wanda innata ta daka a turmi. In tocilata ta yi ƙarya, da hannuna zan fasa ta a nan."

Aka kawo. Garin turmi ya nuna kore. Garin kunun Salma ya nuna ja.

Alhaji ya fizge na'urar, ya haska da kansa. Ja. Ya girgiza ta, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya sake. Ja. Sai ya zame ya zauna a ƙasa, dattijo guda yana hawaye a gaban jama'a.

"Ni nake auna mata garin ga da hannuna," ya ce.

Washegari Bara'atu ce ta goya Salma zuwa asibiti a Gusau. Gwajin jini ya nuna dalma, aka fara magani, yarinya ta rayu. Alhaji ya bar wa masu dutse tsohon injin can bayan gari, ya kafa sabo na hatsi kaɗai.

Yanzu kowace safiya ba ya karɓar geron kowa sai Mai Tocila ta haska ya ga kore. Salma kuwa ta shiga shekara biyar, amma har yau da ƙyar take iya cewa "Baba."

Darasi: Girmama babba ba ya nufin ka janye gaskiya don ya ji daɗi, musamman in ran yaro na ciki. Kuma wanda ya raina ilimin na ƙasa da shi, a gidansa asarar ke fara sauka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila ku ceci ɗan wani.