Fara Ba da Kai Take Numfashi Ba

Da na dawo gida bayan shekarun da na yi ina aikin gini a Kwatano, hannuna ya ƙi zama. Komai na gani sai in ce yana son gyara. Ran nan na kwaɓa siminti, zan toshe kafofin da ke jikin rumbun albasar Kawu Ilu, albasar da duk gidan ya dogara da ita har damina.

Kawu ya ce, "Magini, ajiye cokalin ginin nan, ka ji yadda ƙadangare ya yi da fara."

Ya ce, wani ƙadangare ne ya kama fara a gonarsa, ya rantse sai ya nutsar da ita. Ya danna kanta cikin kududdufi har hannunsa ya gaji. Da ya ɗago ta, sai ta ce, "Allah ya saka, yallaɓai. Saura bayan kunne."

Ƙadangare ya ce, "Ke, wane asiri kika sha?"

Ta ce, "Babu asiri. Amma bari ka ji abin da ya sami ƙanwata da zanzaro."

Fara ta ce, "Ƙanwata za ta biki, ta dubi 'yan ƙananan kafofin da suka jeru a gefen cikinta, ta ce muni ne. Ta kira zanzaro, gwanin gini, ya shafe su da laka sumul. Kowa ya yaba. Ana buga gangar farko ta zube. Sai da tsofaffi suka kankare lakar sannan ta farfaɗo, don mu ta nan iska ke shigarmu. Zanzaro ya iya shafe, bai dai tambayi abin da yake shafewa ba."

Ƙadangare ya ce, "Kafofi? Mu gani!" Ya sassauta riƙo zai leƙa, fara ta yi tsalle, sai dawa.

Kawu ya ƙwanƙwasa jikin rumbu. "Albasa ma ta gefe take shan iska. Ka toshe, kafin wata ya fita mu kwashe ruɓaɓɓiya."

Na dubi kwanon siminti. Can na ce, "Na ji, Kawu. To simintin fa? Yana bushewa."

"Ga bakin rijiya can ya tsage. Ita ba ta numfashi ta nan."

Na ɗauki kwano na nufi rijiya. Albasa ta kai damina lafiya lau. Ni kuwa har yau, duk inda na gifta a garin nan, sai in ji an ce, "Zanzaro, ina aiki?"