Ranar da Fankar Tudun Marke Ta Karye

An yi wani sarki a Tudun Marke, ana ce masa Sarki Arzika, mutum ne mai jinkirin magana, har fadawansa kan ce kafin ya amsa sallama shayi ya huce. Garin nasa a kan tsauni yake, wutar gwamnati ba ta taɓa leƙa shi ba, amma iska kam Allah ya hore musu. Don haka jama'a suka haɗu suka sa wani mai gyara, Namadi, ya kafa musu fanka a kan dogon ƙarfe. Iska ta juya ta, ita kuma ta cika batir a wani ɗaki da ke gindinta.

Makullin ɗakin yana hannun Tabawa, wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar ta ba gona ba jari. A nan ake kawo mata wayoyi da fitilu tana sa musu caji, da ɗan abin da ake ba ta take ci, a zauren ɗakin kuma take kwana.

Wata ranar kasuwa da hantsi iska ta taso da ƙarfi. Tabawa ta duba ta ga batir ya cika har ya fara ɗumi, sai ta zare wayar da ta haɗa shi da fanka. Ba a jima ba fankar ta shiga gudu kamar ta tashi sama, ta yi wani irin kuka, fiffike ɗaya ya ɓalle ya faɗa a garken tumaki. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo.

Madaki Jatau, wanda sarki ya ɗora wa kula da kayan jama'a, shi ya kai ƙara fada. Mutum ne mai tattali, irin wanda ko ashana ba ya so a ƙyasta sau biyu. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, hannunta ne ya zare waya, gari ya shaida. A karɓi makulli a ba wanda ya san abin da yake yi."

Aka kira Tabawa, sarki ya dube ta. Ta san in makullin ya tafi, abinci da makwanci sun tafi tare. Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ni na zare, ba zan yi musu ba. Amma batir in ya cika aka ci gaba da ɗura masa, tafasa yake yi ya kumbura. Tsoron haka na ji."

Aka tambayi Namadi, ya ce, "Gaskiya ta faɗa, ranka ya daɗe. Sai dai ita fanka ba kamar farantin sola ba ce da za a zare a tafi. Nauyin cajin nan shi ke riƙe ta. In aka sauke mata shi alhali iska na kaɗawa, ta zama jakin da kaya suka zube masa a gangara."

Can sai sarki ya ce a karɓi makullin. Tabawa ta kwance shi daga bakin zanenta tana hawaye, sarki kuwa ya sa aka miƙa wa Madaki.

Ya ce, "Madaki, yau kai ne mai ɗakin. Ga iska ta taso, ga batir ya cika. Me za ka yi?"

Madaki ya ce, "Sai in bar waya inda take."

"Batir ya kumbura ke nan, gari ya rasa wuta. Sake dabara."

"To sai in zare."

"Abin da ka kawo ta ƙara a kansa ke nan. Sake dabara."

Madaki ya juya makulli a hannu, ya dubi sama ya dubi ƙasa. Sarki ya ce, "Ashe gaba kura ce, baya siyaki. To amma ruwa ba ya tsami banza. Namadi, an sha yin iska irin wannan a baya. Me ya hana fankar karyewa a lokacin?"

Namadi ya sunkuyar da kai, don ba ya son kunyata babba. Da sarki ya matsa, ya ce, "Da akwai wani akwati tsakanin fanka da batir. In batir ya cika, shi ke karkatar da rarar wutar zuwa wani naɗaɗɗen ƙarfe, ƙarfen ya yi zafi ya shanye ta. Batir ya huta, fanka kuma ba ta rasa kaya ba. Kwanan baya Madaki ya taɓa ƙarfen ya ji zafi, ya ce ɓarawo ne mai shan wutar jama'a a banza, ya sa na cire akwatin. Na yi bayani, ya ce wayon masu gyara ne."

Madaki ya ce da ƙaramar murya, "Wallahi tattali na yi nufi, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Na sani, shi ya sa ba zan tuɓe ka ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na Tabawa. Kai za ka nemo itacen da za a sassaƙa sabon fiffike. Namadi, ka mai da akwati, kuma nan gaba in babba ya sa ka cire abin da ka san cire shi ɓarna ne, ƙofar fada ba ta da nisa. Ƙarfen nan mai zafi kuwa, tun da ganinsa yana ɗumama iska ne ya dami Madaki, a tsoma irinsa a duron ruwa. Duk matar da ta haihu a garin nan, a ɗebar mata na wankan jego, a rage mata neman itace."

Sa'an nan ya ce wa Madaki, "Tashi ka mai da mata makullinta da hannunka." Madaki ya tashi ya durƙusa ya miƙa, ya ce, "Ki gafarce ni, Inna." Tabawa ta ɗaure makullin a bakin zane, ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, in ka ga an bar mutum da hanya biyu duk masu ƙaya, kada ka hukunta shi kan wadda ya bi, nemi wanda ya toshe ta ukun.